Ina so in ajiye aiki ina ɗan shekara 45, abin da na tara zai riƙe ni?

Abban_Hanifa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma a gaya min gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba. Shekarata 44. Shekara 19 ke nan ina aiki da wani kamfani mai zaman kansa, goma sha ɗaya daga ciki a Abuja, iyali kuma suna Kano. Juma'a in kamo hanya, Lahadi da la'asar in juya. Babbar 'yata ta gama sakandare bana, wallahi ko sunan ƙawarta ɗaya ban sani ba.

Abin da Allah ya hore min shi ne: gidan da muke ciki nawa ne, akwai wani mai sassa huɗu da na zuba 'yan haya, yana kawo miliyan 3.2 a shekara in kowa ya biya. Filaye biyu a bayan gari, da kuɗi a ajiye kimanin miliyan 70, ban da na asusun fansho. Mata ɗaya, 'ya'ya biyar, mahaifiyata tana raye. Abin da gidan ke ci a wata, har da kuɗin makaranta in an raba shi, yana kai dubu 900.

So nake baɗi in ajiye aikin in koma gida. Amma ga abin da ke hana ni barci. Lokacin da nake da miliyan 5 na ce in ta kai 20 hankalina zai kwanta. Ta kai 20, na ce sai 50. Yau ga 70, kuma na fi jin tsoro fiye da zamanin da albashina yake dubu 60. Shin akwai wani adadi da mutum zai kai ya ce shi ke nan? Ko dai ni ne ba ni da godiyar Allah?

Talaka_Bawan_Allah:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai, turo min miliyan ɗaya daga ciki, in ɗauke maka kashi ɗaya na tsoron. Mu nan kwanon masara ne ke hana mu barci.

Tsohon_Akawu:
Abban Hanifa, bari in ɗauki biro tun da aikina ke nan shekara 35 kafin a sallame ni. Dubu 900 sau 12, miliyan 10.8. Cire kuɗin haya, saura miliyan 7.6 da za ka riƙa yankowa daga ajiya duk shekara. In farashin kaya ya tsaya cak, miliyan 70 za ta kai ka shekara tara da 'yan watanni. To yaushe rabon da farashi ya tsaya a ƙasar nan? A Disamban 2024 hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ni ban ma ɗauki wannan ba, na sa kashi 20 kawai. A haka, in kuɗin zaman banki suke ba sa haihuwa, cikin shekara ta shida za su ƙare. Kana da shekara 51, autanka ko sakandare bai gama ba.

Kuma ban sa zakka ba. Ɗaya bisa arba'in na miliyan 70, miliyan 1.75 ke nan shekarar farko. Ban sa auren 'yar nan da ta gama sakandare ba, ka san kayan ɗaki a kanka suke. Ban sa ranar da rufin gidan haya zai fara yoyo ba. Ni dai a lissafina bai isa ba.

Ɗan_Kwari:
Baba Akawu ya gama magana. Mu a kasuwa ba ma cewa wane yana da miliyan kaza, cewa muke yana da dila nawa, shago nawa. Kuɗin takarda ƙanƙara ce a hannu. Wanda ya ajiye miliyan 70 a 2014, lokacin dala tana wajen naira 160, ya ajiye sama da dala dubu 400. Wannan miliyan 70 ɗin a 2024 ko dala dubu 50 ba ta kai ba. Babu ɓarawon da ya shiga gidansa, babu gobara, amma an kwashe shi tas.

Ka maida su kadara, Alhaji. Fili, shago, hatsi. Naira ba abar ajiya ba ce.

Maman_Sadiq:
Ni tambaya ɗaya gare ni, ka yi shawara da uwargida? Don ku maza kuna zaton in kun dawo gida biki za a yi. Maigidana da ya bar aiki, wata biyu na farko kamar ango. Wata na uku ya gano inda nake ajiye magi. Ya fara tambayar me ya sa kwalin da aka sayo ranar Talata ya yi rabi. Mutumin da shekara ashirin bai san kuɗin kwanon gishiri ba, sai ga shi tsaye a ƙofar kicin yana cewa man ya yi yawa a miya. Yara suka daina kallo a falo, kowa ya shige ɗaki. Sai da yayansa ya samar masa shagon kayan gini yake fita da safe, sannan muka dawo muna gaisawa da fara'a. Allah ya ba ka abin yi kafin ka ajiye wanda ke hannunka.

Abban_Hanifa:
Hajiya Maman Sadiq kin ba ni dariya, kuma kin taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ita ce ma ta fara kawo maganar, saboda hanyar Abuja zuwa Kaduna. Tun harin jirgin ƙasa na Maris ɗin 2022, duk ranar da na taso ba ta iya cin abinci sai na ce mata na wuce Zariya. Amma maganar magi ban yi mata alƙawari ba.

Baƙon_Amurka:
A nan inda nake akwai matasa da yawa masu wannan tunanin, suna matse cikinsu shekara goma ko sha biyar don su bar aiki da wuri. Ma'aunin da suke bi daga wani mai ba da shawarar kuɗi ya fito, William Bengen, a 1994. A taƙaice, ka tara ninki 25 na abin da kake kashewa a shekara, ka zuba a hannun jari da takardun lamunin gwamnati, ka riƙa cire kashi 4 cikin ɗari. In muka auna Abban Hanifa da shi, miliyan 10.8 sau 25, miliyan 270 ake nema. Ko an cire kuɗin haya, miliyan 190.

Sai dai a kula, shi wannan lissafi an gina shi ne kan tarihin kasuwar Amurka, kan shekara 30 na ritaya, kuma a ƙasar da farashi ba ya tsalle irin namu. Ɗauko shi ka dasa a Kano kamar ka sa wa raƙumi takalmin doki ne.

Game da farin ciki kuwa, an yi bincike. A 2010 wasu masana biyu a Amurka, Daniel Kahneman da Angus Deaton, suka ce jin daɗin yau da kullum yana ƙaruwa da kuɗin shiga har zuwa wajen dala dubu 75 a shekara, daga nan ya tsaya. Daga baya wani mai bincike, Matthew Killingsworth, ya ce a'a, ba ya tsayawa. Suka zauna tare da Kahneman suka sake duba alƙaluman, a 2023 suka fitar da cewa ga yawancin mutane yana ci gaba da ƙaruwa, amma akwai wani rukuni na waɗanda dama suke cikin ƙunci, su kam daga wani mataki ƙarin kuɗi ba ya yi musu magani.

Malam_Na_Zaure:
Ɗan'uwa na Amurka, mun gode da bayani, amma abin da suka kwashe shekaru suna aunawa an gaya mana tuntuni. Annabi (SAW) ya ce wadata ba yawan abin duniya ba ce, wadata ita ce wadatar zuci. Kuma ya ce da ɗan Adam zai samu kwari biyu na dukiya, da ya nemi na uku. Abban Hanifa, abin da ka faɗa na 5 zuwa 20 zuwa 50 shi ne wannan kwarin. Ba ciwonka ba ne kai kaɗai, halittar ɗan Adam ce. Adadin da kake nema babu shi. Wanda ya ciyar da kai kana karɓar dubu 60 bai mutu ba.

Hauwa_Lissafi:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, amma a haɗa da ɗayan hadisin. Da Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya so ya bayar da mafi yawan dukiyarsa, ce masa aka yi ka bar magadanka da wadata ya fi ka bar su matalauta suna roƙon mutane. Mutum mai 'ya'ya biyar ba zai ce tawakkali ya ajiye biro ba. Sau nawa muka ga maigida ya rasu, kafin a yi arba'in an cire yara daga makaranta?

Malam_Na_Zaure:
Malama Hauwa, ban ce ya ajiye biro ba. Tambaya biyu ya yi. Ta lissafi Baba Akawu ya amsa. Ni ta tsoron nake amsawa, kuma ita biro ba ya maganinta.

Ɗan_Kwari:
Na ce a maida kuɗi kadara, amma bari in faɗi ɗaya gefen kada a ce na ɓoye. Ranar da ruwa ya shiga Kantin Kwari a Agustan 2022 ina nan. Maƙwabcina yana da sito a ƙasa, cike da shadda da atamfa, jarin shekara ashirin. Da ruwan ya janye muka shiga da fitilar waya, dilolin sun sha ruwa sun kumbura, launin wannan ya zuba a kan wancan. Ya ɗaga yadi ɗaya, ya matse, ya ajiye, ya ce mu je mu yi la'asar. Bai ƙara cewa komai ba ranar. Rabin kayan ma bashi ne. Haka gobarar kasuwar Sabon Gari ta yi wa mutane a 2016, haka ta Monday Market a Maiduguri a 2023. To ka ga takarda tana narkewa, kaya suna ƙonewa. Abin da ya tashe shi ba ajiya ba ce, mutane ne. Waɗanda ya taɓa ɗaura wa kaya bashi su suka ɗaura masa.

Gwaggon_Zariya:
Duk kuna ta lissafin mata ɗaya da 'ya'ya biyar. Ɗana, gaya mana gaskiya, mutum nawa ne suke ci daga aljihunka? Ƙannenka fa? 'Ya'yan 'yar'uwarka da mijinta ya rasu? Buhun azumi da ake kai wa ƙauye? Ragon layyar Hajiya? Bahaushe mai albashi ba gida ɗaya yake riƙe da shi ba, unguwa ce. Kuma ranar da ka ajiye aiki ba za su ce Yaya ya ajiye aiki ba, cewa za su yi Yaya ya tara har ya ƙoshi. Buƙatun ninkuwa za su yi. Yanzu kana da mafaka, kana Abuja, waya ce kawai. In ka dawo, da asuba za ka tarar da mutum a ƙofar gida da takardar asibiti a hannu.

Abban_Hanifa:
Gwaggo, kamar kina gidanmu. Na zauna na ƙirga bayan na karanta saƙonki. Ban da 'ya'yana, yara huɗu nake biya wa makaranta. Akwai ƙanina da na ba jari sau biyu, duka biyun sun tafi. Gaskiya dubu 900 ɗin nan ban sa su a ciki ba. Baba Akawu, sai ka sake ɗaukar biro.

Tsohon_Akawu:
Ba sai na ɗauka ba, ka san amsar. Amma kada ka manta da asusun fanshonka, ka ce ban da shi. Sai dai ba za ka taɓa ko sisi ba sai ka cika 50.

Hauwa_Lissafi:
Baba, da ɗan gyara. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda ya bar aiki kafin shekara 50 damar cire kashi 25 cikin ɗari na abin da ke asusunsa, in ya yi wata huɗu bai samu wani aikin ba. Sauran ne zai jira sai ya cika 50. Amma ni ba zan ba shi shawarar ya taɓa ba. Abin da ya kamata ya duba shi ne, duk wata ana cire kashi 8 daga albashinsa, kamfani yana ƙara kashi 10. Ranar da ya ajiye aiki wannan kashi 10 ɗin ya tsaya, kuma shekarun da albashi ya fi tsoka su ne yake shirin yankewa. Ga inshorar lafiya da kamfani ke biya wa iyali, ita ma ta tafi.

Sannan maganar barin miliyan 70 a banki ɗaya. NDIC, hukumar da ke inshorar ajiyar banki, ta ɗaga abin da take lamuncewa zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a 2024, kafin nan dubu 500 ne. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin shekarar, masu manyan ajiya miliyan 5 ɗin aka fara ba su, sauran sai jiran a sayar da kadarorin banki. A rarraba. Mai gudun kuɗin ruwa akwai sukuk na gwamnatin tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, tun 2017 ake fitar da shi, akwai kuma bankunan da ba sa mu'amala da ruwa.

Tsohon_Akawu:
Na karɓi gyara, 'yata. Mu 'yan tsohon tsari ne, garatutina sai da na yi shekara uku ina zarya da fayil a hammata kafin ya fito. Kafin nan abin da zai sayi gida ya koma kuɗin fili.

Nas_Mai_Dare:
Ni daga asibiti zan yi magana. Babu abin da ke cinye dukiya da sauri kamar ciwo mai jinya. Na ga ɗan kasuwa da aka kawo da mota mai tsada, ƙoda ta tsaya, wanki sau biyu ko uku a mako. Wata na farko ɗaki na musamman. Wata na shida an sayar da motar. Kafin shekara 'ya'yansa suna tsaye a baranda suna waya da dillalin fili, suna cewa a sayar ko nawa ne. Ya rasu, gida ɗaya ya rage.

Amma kuma na ga irin Abban Hanifa da yawa, masu shekara arba'in da 'yan kai, an kawo su daga ofis jini ya hau, ɓari ɗaya ya shanye. Su ma suna cewa bari in ƙara shekara biyu. To ban san wanne zan ce maka ba. Ka je a auna jininka da suga kafin ka yanke hukunci, wannan dai na sani.

Ɗan_Maraɗi:
Gaisuwa daga Nijar. Ina karanta ku ina mamaki, don mu matsalarmu daban. Sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, ba ta rawa kamar naira. Da can in ɗan Kano ya zo da naira dubu sai ya canza ta jika uku, wato sefa dubu uku, yanzu jika guda tamu ta fi naira dubu biyu. Amma kada ku ce mun tsira. Iyayenmu suna ba da labarin Janairun 1994, aka kwana aka tashi an raba darajar sefa biyu. Kuma da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yulin 2023, na san masu kuɗi a nan da motocinsu suka yi watanni a tsaye, kaya na lalacewa, kuɗi na hannu amma babu hanyar juya su. Mu a nan mai hankali shanu yake saye da gona. Ritaya kuwa ta ma'aikacin gwamnati ce, ɗan kasuwa sai dai a ɗauke shi daga rumfa zuwa makabarta.

Sarkin_Noma_Funtuwa:
Ɗan'uwa na Maraɗi, shanu da gona a da ke nan. Ina da gona mai nisan kilomita kaɗan daga gari, shekara uku ban taka ta ba. Shanun da na tara don tsufa dare ɗaya aka kore su. A yankinmu yanzu dukiya ba ta kawo tsaro, ita ce ke kiran masu zuwa. Mai hali yana sa tsohuwar riga, yana hawa babur, ya bar mota a birni. Ka gina bene a ƙauye ka ga ko za ka kwana a ciki. Wani abokina ya ce shi yanzu ba fansho yake tarawa ba, fansa yake tarawa. Muka yi dariya, amma ba abin dariya ba ne, don sai da ya sayar da gidansa ya karɓo ɗansa.

Abban Hanifa, in ka dawo kada ka yi shela. Ka ce an maida kai aiki daga gida.

Talaka_Bawan_Allah:
To kun gani. Ni ba wanda zai sace ni, ko an sace ni sai dai su ciyar da ni. Amma fa kada masu kuɗi su zo nan suna mana wa'azin kuɗi ba ya kawo farin ciki. Mafi ƙarancin albashi dubu 70 ne tun 2024, ku gwada riƙe gida da shi wata ɗaya. Ranar da matata ta tashi haihuwa aka ce sai an yi aiki, na tsaya a bakin asibiti ina kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, wasu suna ganin lambata suna ƙin ɗauka. Wanda bai taɓa wannan tsayuwar ba ya daina cewa kuɗi ba komai ba ne. Rufin asiri da kuɗi ake yin sa.

Maman_Sadiq:
Wallahi ka yi gaskiya. Allah ya raya abin da aka samu.

Baƙon_Amurka:
Talaka Bawan Allah, abin da binciken nan ya nuna ke nan ai. A ƙasa, kowace naira tana rage wani ciwo na gaske. A sama ne abin ke rikicewa. Dangote da bakinsa ya ba da labari a wani taro a Abidjan a 2019, cewa ya taɓa zuwa banki ya ciro dala miliyan 10, ya kai gida ya zuba a ɗaki ya kalle su, don ya tabbatar wa kansa da gaske yana da kuɗi ba lambobi a takarda ba. Washegari ya mayar. In mai wannan dukiyar sai da ya nemi ya gani da idonsa, ina ga mai miliyan 70 ta naira?

Ɗan_Kwari:
Kuma har yau bai zauna ba, ya haura sittin yana fama da matatar mai a Legas. Marigayi Alhaji Aminu Dantata ya haura casa'in kafin rasuwarsa a 2025, wa ya taɓa jin ranar da ya ce ya yi ritaya? Wannan ajiye aiki da ƙuruciya al'adar masu albashi ce. Aikin wani ne ya gajiyar da ku, ba aiki ba.

Hauwa_Lissafi:
Alhaji na Kwari, amma a gargaɗe shi. Ma'aikaci ya fito da kuɗi a hannu ya ce zai shiga kasuwa yana ɗan 45, shi ne naman da 'yan damfara suka fi so. Masu cewa kawo miliyan ɗaya ka karɓi dubu 200 duk wata suna nan, an ga MMM a 2016, an ga CBEX a 2025, gobe da wani sunan za su dawo. Ko kasuwar halal ma, wanda bai san ta ba kuɗin makaranta yake biya. Kiwon kaji nawa muka ga an fara da kuɗin sallama an rufe kafin shekara?

Ɗan_Kwari:
Wannan haka yake. In zai shigo, ya zo ya zauna a shagon wani shekara guda yana kallo, kada ya zo da jaka.

Auta_Mai_Keke:
Ni yaro ne a cikinku, amma bari in faɗi abin da na gani a gidanmu. Babanmu ya yi ritaya lafiya lau, gidansa nasa, fansho yana shigowa. Amma kullum ƙarfe bakwai zai yi wanka, ya sa kaftani mai guga, ya kafa hula, ya fito da kujera ƙofar gida da rediyo. Wayarsa da ke ƙara tun asuba ta yi shiru. Wata rana na gan shi yana duba ta yana jujjuyawa, ya ce min Auta duba min ko layin nan ya lalace. Layin lafiyarsa ƙalau. Mutanen da ke cika falonmu da sallah ko rabinsu ba mu ƙara gani ba. Bai rasa abinci ba ko sau ɗaya, amma shekara biyu ya tsufa kamar goma. Sai da aka ba shi riƙon kuɗin masallacin unguwa da na makarantar Islamiyya ya dawo daidai, har faɗa yake da magina.

Abban_Hanifa:
Auta, saƙonka ya fi na kowa tsaya min a rai, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na gode muku duka. Jiya na kira uwargida na karanta mata abin da Maman Sadiq ta rubuta, ta yi dariya har da tari, ta ce ita dai in dawo, za ta sa wa kicin kwaɗo.

Abin da nake juyawa yanzu shi ne in nemi a maida ni reshenmu na Kano ko da albashi zai ragu, in sayar da fili ɗaya in ƙara sassa biyu a gidan haya, in kuma biya wa Hajiya kujerar Makka tun tana da ƙarfi. Na so in biya a 2023 lokacin kujera ba ta kai miliyan 3 ba, na ce bari in ƙara tarawa. A 2025 ta haura miliyan 8. Amma in sun ƙi maida ni Kano fa? Nan ne ban san abin da zan yi ba.

Gwaggon_Zariya:
Kujerar Hajiya kam kada ka ƙara ɗaga ta. Sauran ka yi istihara.

Tsohon_Akawu:
Sassa biyu a farashin siminti na yanzu? Ka samo magini ya yi maka ƙiyasi tukuna, ka ƙara kashi 30 a kan duk abin da ya faɗa. Kuma fili ɗaya ba lallai ya gina su ba. A wace unguwa filayen suke?

Talaka_Bawan_Allah:
Yallaɓai, in an gama ginin a tuna da ni a sashe ɗaya. Ina biya, sai dai ba a kan lokaci ba.